Baya da Baya da Surukina a Gindin Kwakwa

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin surukina yana tauna ko da goro ba, shi ma bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Bafillace ne da ya zauna ya kama noma a wani ƙauye bayan Kajiji, amma zaman bai rage masa kunyar Fulani ko ƙwayar gero ba. In na tashi daga Bodinga na je gaishe shi, tun daga gindin tsamiyar bakin gari nake kashe mashin in turo shi da hannu. In tuɓe takalmi nesa, in tsugunna, ni ina kallon ƙasa shi yana kallon shanunsa, mu gaisa har gwiwata ta yi tsami. Ba ya kiran sunana, Malam yake ce mini, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. Idan aka kawo mini abinci zaure, sai a neme shi a rasa, ya sulale gona ko masallaci har sai an fito da kwano. Haka muka zauna shekara da shekaru, kuma wallahi ina son zaman. Da shi nake auna cewa ni ma mutum ne.

Yanar ido ce ta kai mu Ikko, wato Legas. Ta rufe masa idanu har ya daina gane shanunsa sai da murya. Ƙanen matata yana aiki a can, shi ya nemo likita, ya ce a kawo tsoho. Da aka zo maganar ɗan rakiya kowa ya juyo ya dube ni, don ni ne mai bin tirelar albasa zuwa Kudu, ni ne wai na san gari. Na so in zame, matata ta yi mini kallon da na san ma'anarsa, na ɗauki jaka. A mota na sa shi gaba na koma can ƙurya. Duk inda aka tsaya cin abinci sai in damƙa wa direba ƙunshinsa ya kai masa, ni kuma in zagaya bayan mota in cusa nawa a tsaye kamar ɓarawo.

Aiki ya yi kyau, ido ya buɗe. Sai dai a wurin gwaje-gwaje likita ya gano yana da ciwon suga, ya ɗora shi kan wata ƙwaya ta safe. Ya ja mini kunne sosai: in ya sha ƙwayar nan dole ya ci abinci a kan lokaci, in ba haka ba jiki zai ɗauki rawa, gumi ya karyo, yana iya faɗuwa ya tafi ke nan. In an ga alamar haka a yi maza a ba shi abu mai zaƙi. Ni na fassara wa tsoho wannan bayani, ina magana da tayil ɗin ɗakin likita, don ban san yadda ake duban suruki a yi masa zancen cikinsa ba.

Ƙanen matata abokin wasana ne, kuma ɗan neman magana ne na gaske. Shi ya ƙirƙiro cewa idon da aka buɗe ya kamata a nuna masa abin kallo kafin a mayar da shi ƙauye. Akwai wani tsibiri da ake zuwa yawon shaƙatawa, a tafi da safe a jirgin ruwa a dawo da la'asar, ya yankar mana tikiti mu uku. Tsoho ya ce ya daɗe yana jin labarin teku, zai so ya gani. Da safen muka yi shiri a gurguje. An ajiye masa shayi da burodi a falo, ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa kamar gunki, ina jiran a fita. Ya dubi burodin, ya dubi inda ƙafafuna suke, ya ture farantin ya miƙe. Sai da muka yi nisa abin ya faɗo mini a rai.

Muna isa bakin ruwa wayar ɗan banzan nan ta yi ƙara, wai ana nemansa wurin aiki yanzu-yanzu. Ya danƙa mini tikiti biyu yana dariya ƙasa-ƙasa.

“Yaya, ga ka ga Baba. A sha iska lahiya.”

Da ba gaban mahaifinsa ba ne da na shaƙe shi. Kafin in gama haɗiye wannan, matata ta kira daga gida, na koma gefe na ɗauka.

“Ka dai ji abin da likita yac ce,” in ji ta. “Kada ka bari shi ɓace maka ko na ƙiftawar ido, ba ya jin yarensu. Kuma ka tabbata ya ci abinci. Amana ta na ba ka.”

Na ce to. Ban tsaya na lura ba cewa abu biyun da ta ɗora mini ba sa zama wuri ɗaya. In ina gabansa ba zai ci ba, in zai ci sai na bar gabansa.

Tun a jirgi aka fara tsiya. Wani ƙaton mutum mai usur a wuya, shi ne jagoran tafiyar, ya zura wa kowa rigar hana nitsewa mai ruwan goro. Ya ɗora wa surukina a kan babbar riga, ya ja igiya ya ɗaure shi tamau kamar buhun albasa, yana ce masa Papa. Sannan ya tura mu benci ɗaya. Ni da ban taɓa hawa tabarmar da yake kai ba, ga ni gwiwata tana gugar tasa, duk lokacin da jirgi ya yi tsalle kafaɗata ta bangaje shi. Na matse jikina har haƙarƙarina ya yi ciwo. Shi kuwa ya kafa sabon idonsa a kan ruwa.

“Malam, wanga ruwa ina iyakatai?”

“Ba a ganin ta, Baba.”

“Ikon Allah. Mu da muka cika baki da dam ɗin Shagari.”

Tsibirin yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Farin rairayi mai laushi, itatuwan kwakwa jere, bukkokin ciyawa, ruwa yana zuwa yana komawa da kumfa. Amma abin da ɗan banzan can bai faɗa mana ba shi ne mutanen da ke kwance a kan rairayin. Maza da mata, baƙaƙe da farare, kowa da ɗan ƙyallen da bai isa a ɗaure bakin tulu ba. Wasu suna shafa wa juna mai a baya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na kawo surukina nan, dattijon da ko matarsa ba ta cire kallabi a gabansa. Na sunkuyar da kai ina tafiya ina ƙirga yatsun ƙafata, na ji shi ma ya rage sauri a bayana. Can ya yi magana, ba da ni ba, da iska.

“Ashe makanta ma sutura ta.”

Na ƙara sunkuyar da kai.

Mai usur ya tasa mu gaba kamar awaki. Ya kai mu wani tafki da aka killace manyan kififfiya, wato kunkurun ruwa, kowace ta kai faifai, yara suna jefa musu ganye. Ya kai mu rumfar masu sayar da sarƙoƙin ƙwanson teku, da wurin da ake hawa doki a ɗauki hoto. Dokin ne kaɗai ya sa tsoho ya tsaya. Ya zagaya shi, ya dubi haƙarƙarinsa da suka fito, ya girgiza kai ya ce wannan dabba ba ta ƙoshi. Na so in ce Baba kai ma haka, bakina ya ƙi buɗewa. Abin da na iya fitarwa shi ne, “Baba, rana ta yi.” Ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, “Ta yi kam.” Magana ta mutu a nan.

Da rana ta take aka busa usur na abinci. Dogon tebur ne a ƙarƙashin wata babbar rumfa, kowa ya ɗauki faranti ya zuba abin da yake so, a zauna ana kallon bakin juna. Mai usur ya jawo mana kujeru biyu a jere. Surukina ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Ni ma, da cikina yake kuka tun a jirgi, na ce alhamdu lillahi. Mutumin ya dube mu kamar mahaukata ya wuce.

Na yi dabara. Na zubo dafa-duka da soyayyar ayaba, na kai wata 'yar bukka a gefen rumfar, na ajiye ba tare da na dubi farantin ba, kamar wani ne ya manta da shi. Na ce, “Baba, a huta nan, zan tai in yi alwala.” Na tafi. Amma maganar matata tana kunnena, kada ya ɓace maka. Sai na zagaya bayan wata bukka na leƙo ta tsakanin ciyawa. Yana zaune, faranti a gefensa, mutanen dogon tebur suna fuskantarsa. Ya kai hannu ya ɗan jawo farantin, zuciyata ta yi sanyi. Sai ya ɗaga kai, idonsa ya sauka daidai inda nake. Na saba da surukin da ba ya gani, na manta an buɗe idon. Ya janye hannunsa, ya ciro hankici ya rufe abincin.

Da na dawo ina jan ƙafa, bai dube ni ba.

“Ruwan alwala na nan gabas, Malam.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban san somin taɓi ba ce. An kama ni ina leƙen surukina yana shirin cin abinci. Ko yaron goye ya san ba a yin haka.

Muka yi azahar a bayan bukkar, shi a gaba. Na lura ya daɗe bai taso daga sujada ba, da ya taso kuma jikinsa yana karkarwa. Bayan sallama na ga gumi yana bin gemunsa alhali iskar teku tana kaɗawa. Na ce a raina yanzu zan faɗa, yanzu zan ce Baba don Allah ci. Na haɗa kalmomin a bakina, na gyara zama, sai usur ya tashi, wai a zo a je ganin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Tsoho ya miƙe da sauri, ina jin don ya tsere wa farantin ne da ni gaba ɗaya. Na bi shi.

Tafiya ce a cikin rairayi, ƙafa tana nutsewa. Mun kusa gindin hasumiyar na ji ya fara magana da Fillanci, yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi taga-taga, ya miƙa hannu kamar mai neman sanda, ya sulale ƙasa. Hularsa ta faɗi ta gangara.

Daga nan ban ƙara tuna wane ne suruki ba. Na ruga wurin wata mai sayar da lemon kwalba a cikin kula, na fizgo ɗaya, na buɗe da haƙori. Na dawo na zauna a rairayi na ɗago kansa na ɗora a cinyata. Idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba. Na tallafi ƙeyarsa, tafin hannuna a kan furfurar da ban taɓa gani ba, na kafa masa kwalbar a baki ina cewa sha, Baba, sha. Ya kurɓa, rabi ya bi gemu, ya sake kurɓa. Na ga cikin bakinsa, na ga giɓin da yake ɓoyewa in zai yi murmushi.

Mutane suka taru a kanmu, wani saurayi har ya ɗaga waya zai ɗauka. Nan fa zuciyata ta tashi. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Turancin buroka, na haɗa da ɗan Yarabancin da na tsinta a kasuwar albasa, wanda duk zagi ne. Na tuɓe rigata da hannu ɗaya ina ƙoƙarin kare tsoho da ita, na rage daga ni sai singileti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rigar ba ta isa ba. Sai wata mata daga cikin masu ƙyallen nan, irin waɗanda na wuni ina tsine musu a zuci, ta warware babban tawul ɗinta, ta kira ƙawarta suka kama gefe da gefe, suka juya mana baya suka yi mana labule. Suka kori jama'a. Har yau ban san fuskarta ba, don ban iya ɗaga ido na gode mata ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

A hankali rawar jikin ta lafa. Na ga hankalinsa yana dawowa cikin idonsa, ya dubi sama, ya dubi tawul, ya dubi haɓata a samansa, ya gane inda kansa yake. Ya runtse ido. Na ji wuyansa ya ƙage a hannuna. Da za a ba mu zaɓi a lokacin, ina jin ni da shi duk teku za mu faɗa.

“Ina hulata?” Abin da ya fara faɗa ke nan.

Na miƙo ta na kakkaɓe, ya tashi zaune ya sa, ya juya mini gefe. Na mayar da rigata. Na san lemon ba zai riƙe shi ba, jirgi kuma sai la'asar. Na tsugunna kamar yadda na saba a ƙofar gidansa, na dubi ƙasa, na faɗi abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba.

“Baba, ka gahwarce ni. Sai ka ci abinci. In wani abu ya same ka, mi za ni ce ma ɗiyarka?”

Ban taɓa ambaton ta a gabansa ba, ko da a kaikaice. In zai tambaye ta cewa yake ya mutanen gida, in ce suna gaisuwa. Na ɗauka ya yi fushin da ba za a gyara ba.

“Kai ka ci?”

“A'a, Baba.”

“To amso biyu.”

Na koma rumfa na roƙi masu abinci suka kankaro mana abin da ya rage. Da na dawo ya riga ya taka zuwa can ƙarshen rairayi inda babu kowa, ya zauna a gindin wata kwakwa yana fuskantar teku. Ya nuna mini ɗaya gefen da haɓa. Na ajiye masa nasa, na zagaya na zauna ina fuskantar daji, itacen a tsakaninmu. Wanda ya san kwakwa ya san ba ta da kauri. Ba kuka ba ce, ba tsamiya ba. Kafaɗunmu suka fito ta gefe da gefe suna taɓa juna.

Na yi bisimilla a zuci na kai loma. Na kasa kunne, shiru. Na ƙara loma, cokalina ya bugi faranti, sai na ji motsi a bayana, kafaɗarsa ta ɗaga ta sauka. Na tsaya don in tabbatar, shi ma ya tsaya. Na ci gaba, ya ci gaba. Sai na gane: ba zai tauna ba sai ƙarar cin abincina ta rufe tasa. Haka na zauna ina buga cokali, ina tauna da ƙarfi kamar akuya, ina jan abincin don kada nawa ya ƙare kafin nasa. Da shinkafata ta ƙare na ci gaba da kankarar faranti babu komai a ciki, hawaye yana zubo mini, ban san ko na kunya ba ne ko na mene ne. Sai da na ji ya ce alhamdu lillahi na ajiye.

Da la'asar jirgi ya dawo da mu. Ƙanen matata ya tare mu yana washe baki, yana tambayar Baba ya ya ga teku. Tsoho ya ce, “Ruwa da yawa.” Iyakar labarin da ya bayar ke nan, a Ikko da a gida. Ni ma da matata ta tambaya ko ya ci abinci a tsibirin na ce ya ci, ban ƙara ba. Na yi ta zullumin komawa ƙauyen. Mutumin da na ga kansa ba hula, na ɗora shi a cinya, na ji taunarsa, da wane ido zan tsugunna a gabansa? Ina tsoron in tarar ya daina fitowa gaisuwa, ko kuma ya fara sakin jiki da ni, ban san wanne ya fi muni ba.

Sai da Sallah ta tilasta ni na je. Na kashe mashin a gindin tsamiya, na tuɓe takalmi, na tsugunna. Ya dubi shanunsa, na dubi ƙasa, ya ce Malam ya hanya, ya mutanen gida. Babu abin da ya canza. Aka kai ni zaure, aka kawo tuwon dawa da man shanu, ya ɓace kamar kullum. Na wanke hannu ke nan sai na ji ana jan buzu a bayan bangon zauren, ta cikin gida, daidai inda na jingina. Na ji an ajiye kwano, murfi ya yi ƙara. Aka yi gyaran murya, muryar da na sani. Sannan shiru.

Na daɗe hannuna a sama. Daga baya na ce bisimilla da ƙarfi, yadda za a ji ta bayan bango, na ja kwanona ya yi ƙara a ƙasa. Sai na ji nasa ya motsa.

Haka muka ci gaba duk zuwan da na yi. Ba mu taɓa maganar ba, ko da ido. Surukata ta aiko wa 'yarta cewa tsoho yana wasa da abinci, amma ranar da Malam ya zo yakan cinye kwanonsa tas, ba ta san dalili ba. Daga jin haka na ƙirƙiro wa kaina harkar albasa a wajen Shagari da Kajiji wadda ba ni da ita, duk ranar kasuwa in biya in gaishe shi.

Daminar bara Allah ya karɓi abinsa, a kan buzunsa, bayan sallar la'asar. Da aka share makoki na koma duba surukata. Na kashe mashin a gindin tsamiya duk da babu wanda zan tsugunna wa. Aka kai ni zaure aka kawo tuwo, na wanke hannu, na jingina da bango, na ce bisimilla da ƙarfi na ja kwano. Na zauna ina jira. Da aka zo ɗaukar kwanon tuwon ya huce ban taɓa shi ba, na ce a gaya wa Inna a ƙoshe nake.